Kaka da Jirginsa na Cikin Buhu

Daga Allah muke, kuma kakanmu ya riga mu komawa gare shi. Mahaifin babana ne. Ya rasu a tsakiyar ranin nan, nesa da Garwa, a bakin wani gurbi na kogin Mayo Rey, can aka binne shi. Daga gidanmu ni kaɗai ce a wurin.

Masu gaisuwa sun cika zaure da tsakar gida. Ni ina ɗakin Iya, kakata, a bayan ƙofa, don an ce kada in fito, wai har yanzu idona bai dawo daidai ba. Daga nan nake jin komai. 'Yan kasuwar kifi sun zo a tare, suka ce mutum ne da ba ya ɗaga murya a kan kwando. Wani tsohon Bafulatani da ba wanda ya san shi ya zauna ya yi doguwar addu'a da Fulatanci, ya tashi ya tafi, ko ruwa bai sha ba. Matan dutse, 'yan ƙasar Mokolo da ke zaune a unguwar bakin kogi, Kiristoci, sun zo kowacce da ƙunshin itace a ka. Ba su san abin da ake cewa a zaman makokinmu ba, sai suka jera itacen a bakin murhu, suka zauna a ƙasa suna share hawaye da bakin zane.

Akwai kuma maganar da ake yi ƙasa-ƙasa. Wata maƙwabciya ta ce, "Ai dama. Wa ya taɓa shiga ruwa a cikin tsumma ya dawo?" Ta kusa da ita ta ce, "Ni dai an ce min ruwa ne ya ci shi. Yarinyar koya mata aka yi ta ce an binne, don hankalin tsohuwa ya kwanta."

Iya ta ji. Bayan la'asar, da ɗakin ya rage mu biyu, ta juyo gare ni.

"Ke. Kin ga an sa shi a ƙasa da idonki?"

"Iya, ai mata ba sa zuwa."

"Na sani. Tambayarki na yi."

"Daga nesa na hango."

Ta juya fuskarta bango.

Ga yadda abin yake. Masunta ne suka binne shi, 'yan ci-rani, waɗanda ruwan farko na sauka za su kwashe bukkokinsu su tafi. Ƙaya kawai suka ɗora a kan kabarin. Idan damina ta kankama ciyawa za ta rufe wurin, kogi ya kawo sabon yashi, ba mai sake cewa ga shi nan. Baba yana so ya je ya gani da idonsa, ya ɗora duwatsu, ya dawo ya gaya wa uwarsa. Mota ba ta kaiwa can. Jirgin itace ba ya kaiwa da rani. Sai jirgin Kaka, wanda yake ɗaure cikin buhunansa a ƙarƙashin rumbu. Ni ce na san wurin, ni ce kuma na iya haɗa jirgin. Ni kuwa tun da na dawo ban iya leƙa randa ba. Ƙanwata ke ɗebo min ruwa, da tsumma nake goge jikina.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Idan na kasa komawa, aƙalla a san wane irin mutum ne yake kwance a can.

Kaka ba ya yanke magana da wuri. Abin da ya fi faɗi a duniya shi ne, "Bari in ɗauka in ji." Idan aka kawo masa buhun gishiri, sai ya ɗaga. Idan aka haifi jariri a gidan, ba ya tambayar namiji ne ko mace, sai ya miƙa hannu biyu ya ce a ba shi ya ɗauka ya ji. Har labarin rediyo, idan an gama faɗin abin da gwamnati ta ce, sai ya kashe akwatin ya ce wannan ba shi da mariƙi, ba a san ta inda za a ɗauke shi ba. Iya ta ce da aka ba shi ita ma, sai da ya yi damina guda yana zagaya gidansu kamar mai son sayen jaki.

Ni yana kirana Madamazel, tun ranar da aka sa ni lakwal, makarantar boko. Ni kuma ina ce masa Tsoho. Idan na wuce ta zaure da kayan makaranta sai ya ce, "Madamazel, yau me Faransawa suka ce a gaya min?" In ce, "Sun ce ka aske gemun nan." Ya ce, "Ki ce musu amaryata ce ta hana." Ni ce amaryar.

Jirgin ya zo gidanmu ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina ƙarama. Wani Nasara mai awon ruwa ne ya yi shekaru yana bin Binuwai da rassanta, Kaka yana yi masa jagora. Da zai koma ƙasarsu yana da jirage biyu irin waɗanda ake kwancewa a naɗe, babba da ƙarami. Ya ce Kaka ya zaɓi ɗaya. Kowanne ƙashinsa sanduna ne da haƙarƙarin katako masu maɗaurin tagulla, rigarsa tamfol a sama, baƙar roba a ƙasa. Idan an kwance, sai a cusa cikin buhuna a ɗora a ka.

Nasaran ya ɗauka maganar yini guda ce. Kaka ya ce a bar masa duka biyun tukuna.

Ya fara kai su sikelin 'yan auduga. Mai awo ya faɗa masa kilo na kowanne, ya gyaɗa kai, ya ce to, wannan abin da sikeli ya ji ne, ai ba sikeli zai ɗauka ba. Ya yi gammo, ya aza ƙaramin a ka, ya taka daga gida zuwa bakin kogi, ya ratsa yashi da tsakar rana, ya dawo. Washegari ya aza babban. Ya dawo yana haki, wuyansa ya yi kwana da kwanaki ba ya juyawa. Ya kai su wurin mai facin keke, ya tambaye shi ko danƙonsa zai kama wannan robar. Ya kira ɗan dukawa ya duba ɗinkin. Ya zuba gishiri buhu-buhu a kowanne ya ga inda ruwa zai tsaya. A ƙarshe ya sa aka haɗa su a tsakar gida, ya shiga ƙaramin ya kwanta, gwiwoyinsa a sama. Ya fito ya shiga babban ya miƙe sosai, ya rufe fuska da hula, har ya yi minshari.

Iya ta ce, "Malam, jirgi kake zaɓe ko gado?"

Daga ƙarƙashin hula ya ce, "Wanda ba zan iya miƙe ƙafa a cikinsa ba, ba na tafiya daji da shi."

Ya ɗauki babban, mai nauyin. Nasaran har ya kusa rasa jirgin samansa.

Dalilin son abin ba ɓoyayye ba ne. Da rani Mayo Rey ba kogi ba ne, gurabe ne a jere, tsakaninsu yashi da duwatsu. Kwalekwalen itace inda rani ya same shi nan yake zama. Na Kaka kuwa idan ruwa ya ƙare sai a ja shi, idan yashin ya yi tsawo a naɗe shi a ɗauka. Haka yake bin sansanonin masunta yana kai musu gishiri da ƙugiya da zare, su kuma su aiko masa da banda Garwa. Iya takan ce kifin nan hujja ce kawai, mutumin nan daji yake so, inda ba mai cewa ya yi sauri.

A kan jirgin nan suka ɓata da ƙanensa, wanda muke kira Kaka Ƙarami, mai kwalekwale a tashar jiragen ruwa. Ya zo ya tsaya a kan abin, ya taɓa shi da yatsan ƙafa.

"Yaya, da gemunka, da jikokinka, za ka shiga Binuwai a cikin wando?"

"Naka fa? A cikin akushi kake shiga."

"Akushina ubanmu ya san shi."

"Ubanmu ya san jaki ma. Amma na ga kamiyo kake hawa zuwa Marwa."

Damina guda ba su ci a kwano ɗaya ba. Idan Kaka Ƙarami yana da magana sai ya tsaya a ƙofar Iya ya ce, "A gaya wa mai wando gobe akwai suna." Kaka yana zaune nan kusa zai ce, "A gaya wa mai akushi na ji." Ba wanda ya ba wani haƙuri. Wata rana dai aka kawo tuwo, suka sa hannu tare, shi ke nan. Amma Kaka Ƙarami bai taɓa taka jirgin ba.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya ya shiga unguwar matan dutse, manyan jirage sun kwashe mutanen da ke bakin hanya, amma lungunan sun yi musu ƙunci. Akwai wata tsohuwa makauniya a can ciki, a kan rufin ɗakin kaji. Kaka ya jefa buhunansa ta kan katanga, ya haɗa jirgin a cikin gidan, a kan tudun toka, ya fito da ita ta ƙofar baya. Bai taɓa ba da labarin ba. Tsohuwar ce ta riƙa gaya wa mutane an ɗauke ta a cikin laima.

Ya yi kuskure ɗaya da jirgin, kuma na ƙauna ne. Duk abin da yake na fata a gidanmu, salka ko takalmi ko gafaka, idan ya bushe man kaɗe ake shafa masa. Da robar ta fara tsagewa, Kaka ya zauna da kaskon mai ya shafe ta tas, ya shanya a inuwa, shekara da shekaru yana yi. Robar ta yi laushi, ta fara kama hannu, faci ya daina zama. Mai facin keke ya kama kai ya ce, "Baba, roba ba fata ba ce, mai cinye ta yake yi." Kaka ya daɗe yana kallon jirgin, sannan ya ce, "Ashe ciyar da shi nake yi da abin da cikinsa ba ya so." Tun daga nan jirgin yake yoyo kaɗan-kaɗan, kullum da ƙoƙo a cikinsa.

Haƙarƙarin suna da lambobin boko. Tun ina firamare ni ke karanta masa, in miƙa, shi ya ɗaura. Da sanyin ƙashi ya kama yatsunsa, ɗaurin ma ya dawo hannuna. Bana na gama kolej ina zaman jiran sakamako, ya ce in raka shi zagayen masunta, mu ƙare a Cholire wurin goggona. Baba ya ƙi, ya ce ɗiya mace ba ta bin daji. Iya ta ce, "Ko ka hana ta shi sai ya tafi. Gara da mai ba shi magani." Baba ya ƙyale ni.

Kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke mu a inda hanya ta ƙare. Tafiyar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Kaka yana baya, ina gaba, kowa da filafili mai baki biyu. Yana nuna min inda kada ya ja ciki a kan yashi. Idan muka zo gurbin dorina sai ya ce mu bi gefe, mu riƙa buga jikin jirgin a hankali don su san muna tafe, wai dorina ba ta son a zo mata ba sallama.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, na ji filafilinsa ya daina motsi. Na waiwaya, ya aza shi a cinya.

"Madamazel, ja mu gefe."

"Tsoho, ka gaji ke nan? Yanzu fa muka tashi."

"Wani ya ɗora min buhu a ƙirji. Wannan kam na ɗauka na ji."

Na ja jirgin kan yashi, na kama shi zuwa inuwar wata bishiya. Na ba shi maganinsa, bai haɗiye ba. Ya nemi ruwa, na jiƙa masa leɓe. Ya ce masunta suna gurbi na biyu daga nan, in bi hayaƙi. Ya ce kada in yi gudu a kan yashi, ƙafa tana nutsewa. Sai ya shiga kalmar shahada, ina taya shi, har na ji muryata kaɗai.

Na rufe masa ido. Na zauna. Ban san tsawon zaman ba. Abin da ya tashe ni ungulu ce ta sauka a reshen da ke sama da mu.

Ni mace ce, ba zan yi masa wanka ba, ba zan yi masa salla ba, ba ni da abin haƙa. Barinsa kuma in tafi neman mutane, ga ungulu. Na kasa ɗaga shi. Sai na jawo jirgin kusa, na cire wuraren zama, na karkata shi a gefe, na mirgina Kaka ciki, na rufe shi da mayafina. Na ɗaura igiyar a ƙugu na ja. Yashin yana ƙona ƙafa. Ina ja, in faɗi, in tashi. Da kwalekwalen itace ne, da ko taku ɗaya ban yi ba.

Gurbin farko ba komai. Na biyun ne mai dorina. Na zauna a wurinsa na baya, ƙafafuna a gefen kansa. Wani faci ya ɗaga a jan da na yi kan duwatsu, ruwa yana shigowa yana jiƙa masa riga. In tuƙa kaɗan, in kwashe da ƙoƙo, in buga jikin jirgin kamar yadda ya koya min. Dorina ɗaya ta ɓullo kusa da ni, kusa ƙwarai, har ruwan hancinta ya zubo min a hannu. Ta dube ni. Idonta ƙarami ne, ja. Na ce mata salamu alaikum. Wallahi haka na ce. Ta nutse, na ji jirgin ya ɗaga ya sauka. Ban san ko ta ƙarƙashinmu ta bi ba. Wannan ɗagawar ce nake ji har yau idan na kwanta a tabarma.

Masuntan sun san shi. Da suka ɗaga mayafin babbansu ya ce, "Mai buhu ne," ya cire hula. Suka yi masa wanka, suka haɗa likkafani da fararen rawunansu, suka hau da shi wani tudu a bayan sansanin. Matan suka riƙe ni a rumfar banda. Daga nan na hango bayan mazan, da giginyu a jere, da wani dutse mai tsagewa a tsakiya. Washegari wata mata ta kai ni kusa ta nuna min tarin ƙaya, amma kaina a ƙasa yake, ban dubi hagu da dama ba. Su suka naɗe jirgin yadda suka iya, suka raka ni ta wata hanyar ƙafa mai nisa, wadda ba zan sake gane ta ba, har inda na sami mota.

Abin da na gani ke nan. Ruwa bai ci shi ba. Amma maganata ce kawai, maganar yarinyar da ake cewa idonta bai dawo daidai ba.

Shekaranjiya Baba ya fito da buhunan, ya zazzage a tsakar gida. Ya yi ta gwada sanduna har azahar, yana haɗa na gaba da na baya. Kaka Ƙarami yana gefe, ya ce a jira ruwa ya kawo, ya kai su da kwalekwale. Baba ya ce, "Baffa, idan ruwa ya kawo me za mu tarar?" Ba wanda ya dubi ƙofar da nake. Da yamma gajimare ya taru ta kudu, iska ta kawo ƙanshin ƙasa daga wani wuri.

Jiya da safe na fito. Maɗaurin farko ya kuɓuce min har sau nawa. Na ce, "Baba, ba wannan ba, miƙo min mai lamba uku." Ya miƙo. Muka haɗa ƙashin, muka zura shi cikin rigar. Har yanzu akwai yashin Mayo Rey a ciki. Na nuna masa facin da ya ɗaga, ya aika a kira mai facin keke.

Iya tana takaba, ba ta fitowa. Ta kira ni daga ɗaki.

"Za ki gane wurin?"

"Ban sani ba, Iya. Giginyu suna da yawa a can."

"Tsoro kike ji?"

"Ƙwarai."

"To. Ni ma da zan iya da na je, da tsorona." Sannan ta ce, "Idan kun same shi, ke ki sa dutsen farko. Bayan an binne ba wanda ya hana mace."

Jibi kamiyon Cholire zai tashi, muna ciki ni da Baba da buhunan. Har yanzu ban leƙa randa ba.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa, ya yalwata masa makwancinsa, ya sa abin da ya tarar ya fi abin da ya bari. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. Ina kuma roƙon wata, ko da yake na san ba manomin da zai so jin ta a wannan lokaci: Allah ya riƙe ruwan farko a sama da Mayo Rey, har mu ɗora duwatsun.